Gargaɗi: Kowace Roba Tana da Iyakar Zafi, Mu Kuwa Kullum Muna Ƙetare Ta

Jama'ar Kucheri, jama'ar Tsafe, mutanen Gusau da Bungudu, ku saurara. Maganar nan ta cikin gidanku ce. Ta shafi abin da 'ya'yanku suka karya da shi yau da safe.

A me aka zubo wa yaronka koko? A me aka ƙunso ƙosai? Tuwon da aka malmala jiya da dare, da me aka naɗe shi yana tururi? Gorar ruwan da ke cikin motarka, awa nawa ta yi a rana? Kowa ya san amsa. Leda ce. Roba ce. Daga bakin titin Gusau zuwa Funtua har cikin lungunan gari, duk abin da aka sauke daga wuta, roba ce ke fara tarbar sa.

To ku sani, babu robar da kamfani ya ƙera ba tare da ya yanka mata iyaka ba. Kowace iri tana da zafin da za ta iya ɗauka. Masu ƙera ta sun gwada, sun auna, sun rubuta. Wani lokaci a gindin kwanon, wani lokaci a jikin kwali, wani lokaci a takardar da ba ta taɓa isowa hannunmu ba. Iyakar tana nan ko mun karanta ko ba mu karanta ba. Mu kuma muna ƙetare ta safe da yamma.

Nan da nan wani zai ce: ai ba ta narke ba. Wannan maganar ce take cutar da mu. Ku daina faɗin ta.

Narkewa ita ce matakin ƙarshe. Kafin roba ta narke, ta daɗe da lalacewa. A takardar kamfani akwai adadi fiye da ɗaya. Akwai zafin da robar ke narkewa. Akwai zafin da take fara laushi ta lanƙwashe in an ɗora mata nauyi. Akwai kuma zafin da aka yarda a yi aiki da ita yau da gobe, na tsawon lokaci. Wannan na ƙarshen yawanci shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ne ya shafe mu. Duk matar da ta san man shanu ta san haka: tun kafin ya zama ruwa ya riga ya saki jiki. A wannan sakin jikin ne sinadaran da aka cakuɗa a cikin roba, na launi, na laushi, na hana ta tsufa, suke samun hanyar fita. Ina suke zuwa? Cikin abin da ke jikinta. Cikin kununka. Cikin miyarki.

Abu uku ke gaggauta fitarsu: zafi, daɗewa, da maiƙo. In suka haɗu, abin ya yi muni. Yanzu ku duba abincinmu. Wanne ne ba zafi? Wanne ne ba mai?

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe a ka. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a ma'aunin Salshiyas. Man da ake tuyar ƙosai da awara da doya yana kai digiri 170 zuwa 190. Leda mai laushi tana narkewa tsakanin 105 da 115. Mai ƙarar nan in an murza ta tana kai wajen 130. Ku sake karantawa. Mai 180, leda 110. Inna mai ƙosai, in kika tsamo daga kasko kika jefa kai tsaye a leda, me kike tsammani? Ba ki ga ledar tana tsukewa ba? Ba ki ga tana hujewa ba? Wurin da ya huje, ina robarsa ta tafi? Tana jikin ƙosan. Yaro ya cinye.

Ki sa matsami. Ki juye a tire ko a ƙwarya. Ki bari mai ya tsane, tururi ya fita. Minti kaɗan ne. Ba zai kori mai saye ba.

Sai alale. Da a gwangwani ake yin sa, ko a ganye. Yanzu a leda ake ƙulla shi, da manja, da barkono, a jefa cikin ruwa yana tafasa, ya yi kusan awa guda. Zafi, daɗewa, maiƙo: duk ukun sun haɗu a tukunya ɗaya. Wasu ma baƙar leda suke shimfiɗawa a kan shinkafa ko dambu kafin su rufe murfi, wai don tururi ya kama. Wannan ba sabon gargaɗi ba ne. Tun a 2016 ministan noma na wancan lokaci, Audu Ogbeh, ya fito fili ya ja kunnen 'yan Najeriya a kan dafa alale a leda da barin ruwan leda a rana. Shekaru sun wuce. Wa ya daina? Ku leƙa gidan biki. Ku leƙa gidan suna. Ku ga malmalar tuwo ɗari-ɗari a leda, an danna su cikin kula tun hantsi, suna gumi har la'asar. Da azumi kuwa, kunun sadaka da zafinsa ake ɗura shi a leda, a miƙa wa almajiri. Lada ake nema, na sani. Amma a nemi ladan ba tare da an haɗa wa yaron da abin da zai cuce shi ba.

Yanzu ku tashi ku ɗauko kwanon roba ɗaya. Ku kifa shi. Ku duba gindinsa. Za ku ga wata alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya, daga 1 zuwa 7. A Amurka aka fito da wannan tsari a 1988, don masu sake sarrafa roba su riƙa bambance iri da iri. Lambar ba lasisin zuba abu mai zafi ba ce. Amma tana faɗa maka wace irin roba ce a hannunka, daga nan ka san iyakarta.

Lamba 1, wadda ake rubuta PET a ƙarƙashinta, ita ce gorar ruwa da ta lemo. Wannan ba ta son zafi ko kaɗan. Daga digiri 60 zuwa 70 ta fara sakin jiki. Zuba mata ruwan zafi ka gani, nan take za ta motse ta karkace. Amma a cikinta ake ɗura zoɓo bai huce ba. A cikinta ake ɗura kunun zaƙi. A cikinta mai maganin gargajiya ke zuba dafaffen sassaƙe da ɗuminsa. Wasu da tafasasshen ruwa suke wanke ta, suna ganin tsafta ce. Wajen ƙera wannan roba ana amfani da wani ƙarfe mai suna antimoni. A cikin sanyi, abin da ke fita daga gare shi zuwa ruwa kaɗan ne ƙwarai. Amma masu bincike a jami'ar jihar Arizona ta Amurka, inda ake zafi irin namu, sun auna a 2008. A digiri 60, sai gorar ta yi kwana 176 kafin antimonin ya wuce adadin da hukumomin ƙasarsu suka ƙayyade a ruwan sha. A digiri 70, kwana 12 kacal. A digiri 85, kwana ɗaya da 'yan awanni. Ku lura da yadda abin ke gudu. Ƙarin digiri goma ya mayar da wata shida kwana goma sha biyu.

Kada wani ya ce ina za mu ga digiri 60 a nan. Muna ganin sa. A watan Maris da Afrilu da farkon Mayu, zafin Zamfara yakan taɓa 40, wani lokaci ya wuce. Wannan kuwa a inuwa ake auna shi. Mota a rufe cikin rana tana wuce 60. Rufin kwano da tsakar rana ya fi ƙarfin tafin hannu. Shagon kwantena da azahar fa? Bayan babbar motar da ta ɗauko katan-katan na ruwa da lemo daga Kano ko Kaduna, ba rumfa, ta tsaya awanni a hanya fa? Zafin kuma ƙaruwa yake. A Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Sahel ɗaya muke da su. Kamfanin da ya rubuta a ajiye kayansa a wuri mai sanyi, nesa da hasken rana, ba ado ya yi ba. Sharaɗi ne. Alhaji mai shago, in ka jibge buhunan fiya wata a bakin titi tun safe, ka karya sharaɗin. Ɗanɗanon roba da mutane ke ji a ruwan nan, daga ina ya zo? Ka mayar da su inuwa yau.

Lamba 2 ita ce ta jarka da galan. Lamba 4 ta leda. Lamba 5, mai rubutun PP, ta fi waɗannan biyun jure zafi, domin sai wajen digiri 160 take narkewa, kuma tana ɗaukar tafasasshen ruwa ba ta lanƙwashe ba. In dole ne sai roba, a nemi wannan, mai alamar kofi da cokali mai yatsu, alamar da ke nuna don abinci aka yi ta. Amma ko ita ba ta kuɓuta ba, kuma a nan nake so iyaye mata su tsaya.

Fidar jariri. Yawancinsu yanzu da lamba 5 ake yi. A 2020 masana a jami'ar Trinity da ke Dablin, ƙasar Ayaland, suka gwada su. Da ruwa mai digiri 70, fida tana iya sakin ƙananan ɓarɓashin roba har miliyan 16 a lita ɗaya. Ido ba ya ganin su. Da zafin ya kai 95, sai adadin ya haura miliyan 55. Wa ke shanye wannan? Jaririn da bai yi wata shida ba. Kada ki ce to bari in dama madarar da ruwan ɗumi. A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama madarar gwangwani da ruwan da bai gaza digiri 70 ba, don a kashe ƙwayoyin cuta. Ki dama da zafinsa, amma a kofin silba ko na gilashi. Ki bari ta huce. Sannan ki juye. In Allah ya hore miki nono, ki ba shi nono zalla wata shida, kin huta da wannan duka.

Akwai kuma tsofaffin fidoji masu tauri, masu haske garau, lamba 7. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin BPA, wanda ke shiga cikin aikin sinadaran jiki masu tafiyar da girma da haihuwa. Zafi na ƙara fitar da shi. Tarayyar Turai ta haramta shi a fidar jarirai tun 2011, kuma a ƙarshen 2024 ta faɗaɗa haramcin zuwa kayan da ke taɓa abinci. Abin da wasu suka kora daga ƙasashensu, ina yake ƙarewa? Ku yi hattara da fidar gwanjo. Ku yi hattara da wadda ta gaji yara uku, ta yi duhu, ta yi zane-zane a ciki. Ku jefar.

Lamba 6 ita ce farar robar tekawe mara nauyi, da ƙananan kofunan da ake sha a yar. Kafin digiri 100 ta yi laushi. Mai kuma yana cin ta. Zuba mata miya mai zafi da manja ka duba gindinta bayan an gama ci, za ka ga ya lotsa, ya yi rami-rami. Daga sinadarin sitirin ake yin ta. A 2018 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Jihar Legas ta hana amfani da wannan roba a Janairun 2024. Mu a nan ita ce ta zama kwanon walima. Ita ce ta taron siyasa. Ita ce ake kai wa mara lafiya abinci a ciki a gadon asibiti.

Malam mai shayi, kai ma da kai nake. Ruwan butarka a tafashe yake. Kofin da kake zubawa, wane iri ne? Ledar da kake ƙulla wa mai tafiya da shi gida, don shayi aka yi ta? Indomin da kake juyewa a leda da mai da ƙwai fa? Mutane nawa ke karyawa a teburinka kowace safiya? Amana ce a wuyanka.

Akwai faranti da kofi da ludayi masu kama da tangaran, masu fure-fure, waɗanda ba sa fashewa in sun faɗi. Suna cikin kayan ɗakin kusan kowace amarya. Melamin ake ce wa robarsu. Hukumar tantance haɗurra ta ƙasar Jamus ta yanka musu digiri 70. Sama da haka suna sakin melamin da fomaldehaid. Na farkon yana taɓa ƙoda. Duniya ta ga aikinsa a Sin a 2008, lokacin da aka zuba shi cikin madara da gangan: jarirai kusan 300,000 suka kamu, shida suka mutu. Abin da ke fita daga faranti bai kai wannan yawa ba, amma sinadarin ɗaya ne. Na biyun kuwa yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Don haka kada a bar ludayin melamin a cikin tukunya tana tafasa. Kada a ɗumama abinci a cikin farantin. Kada a juye soyayyen mai a ciki. Muciya da ludayin duma da mara ba su tsufa ba.

Ga wani tarko. Wasu kayan, musamman masu zuwa daga Amurka ko waɗanda aka yi don kasuwarta, da wani ma'auni ake rubuta iyakarsu. Za ka ga 140 ka ce madalla, ya fi tafasasshen ruwa. Duba harafin da ke gefe. In F ne, Faranhait ke nan, kuma 140 a can daidai yake da 60 a namu. Ruwa a wancan ma'aunin a 212 yake tafasa. In C ne, shi ne namu. Harafi ɗaya ne tsakani. Ku koya wa yaranku 'yan makaranta, su riƙa duba muku.

To wadda ba ta da lamba fa? Ba suna, ba alama, ba komai? Ita ce ta fi ba ni tsoro, kuma ita ce ta fi yawa a kasuwannin ƙauye, domin ita ce mai araha. Baƙin bokiti, baƙin baho, baƙar leda. Yawancinsu daga tsohuwar roba ake yin su, wadda 'yan jari-bola suka tsinto, aka niƙa, aka narkar. Sana'a ce ta halal, tana rage shara, tana ciyar da gidaje. Amma wa ya san abin da ya shiga injin? Jarkar maganin feshi? Galan ɗin baƙin mai? Ƙoƙon tsohuwar talabijin? A 2018 wani masani a jami'ar Plymouth ta Ingila, Andrew Turner, ya gwada baƙaƙen kayan roba sama da 600. Ya samu buromin da antimoni da dalma a cikin da yawa, har da na abinci da kayan wasan yara, saboda an cakuɗa robar tsofaffin kayan lantarki. A Ingila ke nan, inda ake sa ido.

Dalma. Mu 'yan Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a Dareta, a 'Yargalma, a Abare, daga baya aka gano Bagega ma tana ciki. Iyaye suna daka dutsen zinariya a tsakar gida, ƙurar tana sauka a kan abinci, ba wanda ya ga guba da idonsa. Sai da yara suka fara shiɗewa, sai da ƙananan kaburbura suka yi yawa, sannan likitocin ƙungiyar MSF suka gano dalili. Ban ce roba tana kisa irin wannan ba. Abin da nake cewa shi ne mun riga mun biya kuɗin wannan darasi da rayukan 'ya'yanmu. Guba ba ta sallama. Bai kamata a ce mu ne za mu sake jiran sai mun gani da ido ba. Baƙar roba mara lamba, a yi wanki da ita, a kwashe shara da ita. Kada abinci mai zafi ya taɓa ta. Bokitin fenti ma haka. Jarkar maganin ƙwari kuwa ko ruwan sanyi kada a zuba mata, komai wankin da aka yi mata.

Sai mafi muni: hura wuta da leda. Kalanzir ya yi tsada, na sani. Sai uwar gida ta cinna wa leda ashana, ta ɗiga a kan gawayi, ta sunkuya tana fifita, da goyo a bayanta. Hayaƙin yana shiga hancinta, yana shiga na jaririn. Wasu da tsohon silifas suke yi, ko guntun bututu, ko bawon waya. Waɗannan sau da yawa lamba 3 ce, PVC. In ta ƙone tana fitar da iska mai cin huhu, tana kuma haifar da dayoksin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dayoksin yana maƙalewa a kitsen jiki, kuma sai shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya fita. Yana bin nono zuwa ga jariri. Masu babbaka kai da ƙafa da ganda da taya ko tsohuwar roba, ku ji tsoron Allah. Masu ƙona bola a bakin ƙofa da magariba, yara na wasa a gefe, ku daina. Karan dawa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, busasshiyar ciyawa, duk suna kama wuta. A Kucheri ba a rasa su.

Ba a ciki kaɗai haɗarin yake ba. Yana kan rufi. Yana cikin bango.

Wayar lantarkin da ke gidajenmu da PVC ake lulluɓe ta. Iyakarta digiri 70. Nauyin wutar da aka ce za ta ɗauka kuwa, an lissafa shi ne a kan cewa iskar da ke kewaye da ita digiri 30 ce. In wurin ya kai 50, abin da za ta iya ɗauka ya koma kashi 71 cikin 100. In ya kai 60, rabi. Yanzu ku tuna inda wayoyinmu ke bi: tsakanin kwano da silin, wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan. Sannan a ɗora mata dutsen guga, da hita, da firji, a soket ɗaya. Sannan wayar kanta siririya ce, an saye ta don araha. Robar tana bushewa, tana tsagewa, waya ta taɓa waya. Da tsakar dare. Kun taɓa jin ƙaurin roba a ɗaki ba ku ga wuta ba? Kun ga soket ya yi baƙi? Kun taɓa filogi kun ji zafi? Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku kashe wuta. Ku kira mai gyara yau, kada ku ce sai an yi albashi. Masu haɗa sola, ku ma ku ji: wayar da za ta kwanta a kan kwano cikin rana daban take da ta cikin ɗaki. Kada ku haɗa wa mutane da abin da ya samu.

Bututun ruwa ma haka. Ƙarfin da aka rubuta a jikin bututun PVC a wajen digiri 23 aka auna shi. A digiri 38 ya ragu zuwa kashi 62 cikin 100. A digiri 60 saura kashi 22, kuma nan ne iyakarsa gaba ɗaya. Shi ya sa bututun rijiyar burtsatse da aka bari a fili yake lanƙwashewa, yake fashewa a gaɓa, unguwa ta kwana ba ruwa, a ce mai aikin ne bai iya ba. A binne shi. A yi masa rumfa. Kada a bi da ruwan zafi ta cikinsa.

Da sanyin hunturu kuma sai hita a bokitin roba. Ƙarfen hita ya fi ƙarfin kowace roba. Ya taɓa gefe, ya huda. Ruwa ya tsiyaye, hita ta ci gaba da ci, bokiti ya kama. Ɗalibai a makarantun kwana, da ku nake. Masu wankan jego, ruwan da aka sauke daga wuta yana tafasa kada a juye shi a siririn bahon roba a ɗauka. Hannun bahon yana laushi, gindinsa yana saki, ruwan ya kwaro a ƙafa, ko a kan yaron da ke rarrafe. A fara zuba na sanyi, ko a nemi na ƙarfe. Tiyon gas kuma a nisanta shi da harshen wuta. In ya bushe ko ya tsattsage, a canza shi kafin a sake kunna risho.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce mutanen Tsafe suna da abin da ya fi wannan hana su barci. Gaskiya ne. Wanda bai san ko zai je gona ya dawo ba, wanda ya baro ƙauyensu da jarka ɗaya da tabarma, ba za ka zo masa da maganar lambar gindin kwano cikin sauƙi ba. Amma wancan bala'in ya fi ƙarfin hannun talaka. Wannan kuwa a hannunmu yake. Ba ya buƙatar soja, ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kuma gidan da wahala ta riga ta ci, shi ne gidan da ba zai iya ɗaukar ƙarin jinya ba. Wa ke da kuɗin wankin ƙoda? Wa ke da kuɗin zirga-zirga zuwa Gusau, ko Zariya, ko Sakkwato? Wa zai iya sake gina ɗakin da ya ƙone?

Wasu za su ce mun daɗe muna ci, ba abin da ya same mu. Tun yaushe? Kakanninmu a akushi suka ci tuwo, a ƙwarya suka sha fura, a randa suka sha ruwa. Iyayenmu sun yi zamanin samira da langa da tasa. Ledar nan jiya-jiya ta mamaye mu. Yaran da ake haifa yau su ne za su ci a cikinta tun daga yaye har tsufa. Leda ɗaya ba ta kayar da mutum. Maimaitawa ce abin tsoro: safe, rana, dare, shekara da shekaru, a jikin da bai gama girma ba.

Alamun suna gabanku. Kwanon da ya karkace, murfinsa ya daina rufuwa. Kofin da cikinsa ya yi fari-fari, ya yi kaushi. Kular da ta tsage a ciki, ta riƙe launin manja da warin da sabulu ba ya fitarwa. Bokitin da ya kwana biyu a rana, launinsa ya koɗe, ka taɓa shi ya ɓalle. Robar da ke yin danƙo a hannu. Duk wadda ta nuna ɗaya daga cikin waɗannan ta riga ta wuce iyakarta. Me kuke jira? Ku fitar da ita daga wurin girki.

Ku koma ga silba da tangaran da gilashi da ƙwarya ga duk abin da ke tururi. Ku aiki yaro sayen koko da kwanonsa a hannu, yadda ake yi da. Ku yi alale a gwangwani mai tsafta ko a ganye. Tuwon biki a zuba a samira ko a kular da cikinta ƙarfe ne. In babu makawa sai leda, a bari abincin ya huce, a nemi fara, kada a kusanci baƙa.

'Yan kasuwar da ke sari daga kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, ku tambayi masu kaya: wannan wace irin roba ce, zafi nawa take ɗauka, an yi ta don abinci? In mai saye ya fara tambaya, mai ƙerawa zai fara rubutawa. Hukumar NAFDAC da hukumar SON, ku shigo kasuwannin ƙauye, kada ku tsaya a birni. Ku matsa a riƙa buga iyakar zafi ɓaro-ɓaro a jikin kaya, da Hausa, yadda mai karatun allo da na boko duk za su gane. Malamai da ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, ku ɗauki maganar nan zuwa wurin awon ciki da wurin rigakafi, inda mata ke taruwa. Limamai, ku ba ta minti biyar a huɗubar Juma'a, domin kare rai yana cikin abin da addini ya zo da shi. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku sa a yi shela. Gidajen rediyon Gusau, ku maimaita har ta zauna.

Kai kuma da ka karanta, kada ka ajiye takardar nan ka ce sai gobe. Shiga gida yanzu. Kira mai ɗakinka, ku kifa kwanonin ɗaya bayan ɗaya, ku ware na zafi da na sanyi, ku fitar da waɗanda suka lalace. Karanta wa maƙwabcinka da bai iya karatu ba. Faɗa wa mai ƙosan unguwarku da mai shayinku cikin mutunci. Kuma daga daren yau, kada a sake hura wuta da leda a gidanka.